BABI NA HUƊU: ƊAUKAR ZAFI DA MUTUWAR LAFTOF BAYAN SABUNTA KENEL

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan babbar manhaja ta Linux, tun daga kenel ɗin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a birnin Helsinki a shekarar 1991, har zuwa rassanta irin su Ubuntu da Debian da Fedora. An kuma nuna cewa kenel shi ne zuciyar babbar manhaja, domin kuwa shi ne ke tsakanin sassan kwamfuta da sauran manhajojin da mutum yake aiki da su. A wannan babi za a dubi wata matsala da kan biyo bayan sabunta shi, wato mutum ya wayi gari ya ga laftof ɗinsa, wadda jiya take aiki lafiya, yau fankarta ba ta hutawa, ƙasanta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya, wani lokaci ma ta mutu ana tsakar aiki. Matsalar ba ƙarama ba ce ga ɗalibi ko ma'aikacin da aikinsa duka yake cikin na'ura guda, saboda mutuwar farat ɗaya kan tafi da rubutun da ba a adana ba, zafi mai ɗorewa kuma yana gajarta ran batir.

4.1 Inda zafi yake fitowa da inda yake bi

Kusan duk wutar lantarkin da furosesa ta sha, zafi take komawa. Yawan wutar kuwa ya dogara ne a kan abu biyu, wato saurin da furosesa take gudu da shi, da kuma ƙarfin boltin da ake ba ta. Sai dai tasirinsu ba ɗaya ba ne, domin idan aka ninka sauri wuta takan ninku sau biyu, amma idan aka ninka bolti sai ta ninku sau huɗu. Tun da yake furosesa ba ta iya ƙara sauri sosai sai an ƙara mata bolti, abubuwan nan biyu tare suke hawa. A misali, idan furosesa ta tashi daga gigahaz 2 a kan bolti 0.8 zuwa gigahaz 4 a kan bolti 1.1, saurinta ya ninku sau biyu ne kawai, amma zafin da take fitarwa ya kusa ninkuwa sau huɗu. Wannan lissafi shi ne mabuɗin fahimtar babin nan gaba ɗaya, domin ɗan canji kaɗan a yadda kenel yake zaɓen sauri yana iya haifar da babban canji a zafi.

Ana fitar da zafin ne ta wani bututun jan ƙarfe da ke kwance a kan furosesa, wanda yake kai shi ga wasu siraran ƙarafa da ke bakin fanka, ita kuma ta hura shi waje. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen akwai wani mai da ake shafawa don ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Kamfanin da ya ƙera laftof yakan auna wannan tsari ne daidai da furosesar da ya saka: siraran laftof na ofis yawanci an yi su ne don wat 15, manya na zane da wasanni kuma wat 45 ko fiye. Babu rarar a zo a gani a cikin wannan awo.

Abin lura a nan shi ne, a yawancin laftof ba kenel ne ke juya fanka kai tsaye ba. Akwai wani ƙaramin mai kula da ke kan babban allon na'urar, wanda ake kira EC, shi ne ke karanta zafi ya kuma umarci fanka. Kenel yana magana da shi da kuma manhajar BIOS ta hanyar wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a watan Disamba na shekarar 1996. Ke nan sanyaya laftof aikin gayya ne tsakanin kenel da BIOS da EC, idan kuwa ɗaya ya sauya hali, sauran biyun ba lallai ba ne su sani.

4.2 Matakan kariya daga zafi

Ba kowace mutuwa ce iri ɗaya ba, kuma bambance su shi ne rabin aikin mai gyara. Mataki na farko ba mutuwa ba ce ma, rage gudu ne. Yawancin furosesoshin laftof na Intel suna da iyaka a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, da zarar sun kai nan sai su rage saurinsu da kansu. Mai aiki zai ga na'ura tana jan ƙafa, amma ba ta mutu ba.

Mataki na biyu na kenel ne. BIOS takan raba na'ura zuwa shiyyoyin zafi, ta kuma gaya wa kenel iyakar da kowace shiyya ba za ta wuce ba. Idan ma'aunin wata shiyya ya kai wannan iyaka ta ƙarshe, kenel yakan rubuta a kundin rahotonsa cewa an kai zafi mai haɗari, ya ambaci lambar shiyyar, sannan ya rufe na'ura cikin tsari. Mataki na uku kuwa babu sallama a cikinsa: idan zafi ya ci gaba da hawa, furosesa ko EC sukan yanke wuta nan take, kamar an zare batir, kuma ba a samun ko layi ɗaya a kundin rahoto.

Muhimmancin wannan bambanci shi ne, mutuwar mataki na uku kusan ko yaushe zafi ne na gaskiya, amma ta mataki na biyu tana iya faruwa na'ura tana da sanyi, idan kenel ya karanta wani ma'auni ba daidai ba, ko ya ɗauki wata iyaka da ba shi aka rubuta wa ba. An ga irin wannan a ƙarshen shekarar 2020, lokacin da Kai-Heng Feng na kamfanin Canonical ya nuna cewa wasu manyan laftof masu furosesar Intel suna mutuwa tun ana kunna su, saboda direban int340x yana rufe na'ura a kan iyakar da ya kamata a bar wa manhajar thermald ta kula da ita. Gyaran ya shiga kenel a shekarar 2021.

4.3 Hanyoyin da sabon kenel kan jawo zafi

Ana fitar da sabon kenel duk bayan mako tara ko goma, kowanne kuma yana ɗauke da canje-canje fiye da dubu goma. Wanda yake amfani da reshe mai dogon zango bai tsira ba. Ubuntu 22.04, alal misali, ta fito da kenel 5.15 a shekarar 2022, amma masu amfani da ita a kan laftof an riƙa ɗaga su zuwa 5.19, da 6.2, da 6.5, har 6.8, ta hanyar sabuntawar yau da kullum, da yawa ba su ma lura ba.

4.3.1 Sauya direban sauri

Hanya ta farko ita ce a sauya direban da ke zaɓar wa furosesa sauri. An shigo da intel_pstate a kenel 3.9 na shekarar 2013, sannan amd-pstate a 5.17 na shekarar 2022, daga 6.5 na shekarar 2023 kuma aka mai da shi zaɓin farko ga yawancin sababbin furosesoshin AMD. Waɗannan direbobi ba aibi ne da su ba, hasali ma an yi su ne don rage shan wuta. Matsala takan taso ne idan mutum yana da tsohon saiti, ko wata manhajar tattalin batir irin TLP, da aka tsara a kan tsohon direba. Ko sunayen tsare-tsaren ma ba ma'anarsu ɗaya ba: abin da ake kira powersave a tsohon direba yana ɗaure furosesa ne a mafi ƙarancin sauri, a sabon kuwa yana barin ta ta hau ta sauka. Idan aka yi rashin sa'a tsarin ya tsaya a performance, furosesa za ta riƙa zabura zuwa ƙololuwa a kan ɗan aiki kaɗan.

4.3.2 Sassan da suka daina barci

Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin babu wata manhaja da za a gani tana cin furosesa. Laftof tana samun sanyinta ne daga barcin da sassanta ke yi a tsakanin aiki da aiki, ko da na ɗan ƙaramin yanki ne na daƙiƙa. Idan katin sadarwa ko ma'ajiyar bayanai ta ƙi barci, furosesa ma ba za ta iya shiga barci mai zurfi ba.

Misalin da ya fi shahara a tarihin Linux shi ne na kenel 2.6.38 wanda ya fito a watan Maris na shekarar 2011. Akwai wani tsari mai suna ASPM da ke rage wutar hanyoyin PCI Express idan ba a aika komai ta cikinsu. BIOS na laftof da yawa sukan kunna wannan tsari, amma kuma su rubuta a teburinsu na ACPI cewa na'urar ba ta iya shi. Wani canji da ya shiga 2.6.38 ya sa kenel ya gaskata abin da aka rubuta, ya bi duk sassan ya kashe musu ASPM. Sakamakon haka batir ya rage daɗewa, na'urori kuma suka ƙara zafi. Michael Larabel na Phoronix ne ya bi diddigi ya gano canjin a watan Yuni na wannan shekara, mutane suka riƙa rage zafi da saitin pcie_aspm=force. A watan Nuwamba Matthew Garrett ya kawo gyara, inda ya sa kenel ya bar ASPM yadda BIOS ta saita shi a irin wannan hali, gyaran kuma ya shiga kenel 3.3 a shekarar 2012. A ganin mai wannan nazari, darajar wannan misali ita ce ya nuna cewa kenel yana iya bin ƙa'ida sau da ƙafa amma a samu ɓarna, saboda masu ƙera laftof da Windows suke gwada BIOS ɗinsu, abin da Windows ta kau da kai a kansa ba ya bayyana sai a Linux.

4.3.3 Katin hoto

Wannan ita ce hanyar da ta fi saurin kai na'ura ga mutuwa. Laftof da yawa suna da katin hoto biyu, ƙarami a cikin furosesa da babba na NVIDIA, a tsarin da kamfanin ya kira Optimus tun shekarar 2010. Babban katin ya kamata ya kasance a kashe sai an buƙace shi. Direban NVIDIA kuwa ba a cikin kenel yake ba, kuma Linux ba ta yi alkawarin cewa direban waje zai ci gaba da aiki daga wani kenel zuwa wani ba. Saboda haka duk lokacin da aka sabunta kenel sai an sake gina direban, aikin da manhajar DKMS take yi. Idan ginin ya gaza, ko tsarin Secure Boot ya ƙi karɓar direban don ba shi da sa hannu, ɗayan abu biyu kan faru: ko babban katin ya zauna a kunne yana shan wuta ba aikin fari ba na baƙi, ko kuma aikin zana hoto ya koma kan furosesa ta hanyar llvmpipe, ta yadda kallon bidiyo kawai zai sa ta tafasa. A laftof da yawa furosesa da katin hoto bututun jan ƙarfe ɗaya suke amfani da shi, don haka zafin ɗaya yana hawa kan ɗayan. Haka nan a shekarar 2016, kenel 4.8 ya sauya hanyar kashe wutar mashigan PCI Express, abin da ya ci karo da bbswitch, manhajar da mutane suka daɗe suna kashe katin da ita.

4.3.4 Sauran hanyoyi

Akwai kuma ambaliyar saƙonnin ACPI, inda BIOS take ta kiran kenel sau dubbai ba tsayawa, sai a ga wani aiki mai suna kworker ya riƙe furosesa alhali ba a buɗe komai ba. Akwai direbobin fanka na wasu kamfanoni, kamar thinkpad_acpi da dell-smm-hwmon, waɗanda manhajojin sarrafa fanka suka dogara da su. Idan lambar ma'auni ta sauya bayan sabuntawa, manhajar za ta riƙa duban wani wuri mai sanyi ta bar fanka a kwance. Sai kuma barcin na'ura idan an rufe murfi, wanda in ya kasa kai wa zurfi, laftof za ta dahu a cikin jaka.

4.4 Yadda ake gano bakin zaren

Kafin a zargi kenel, ya kamata a ba na'ura kamar sa'a ɗaya, domin bayan babbar sabuntawa takan yi wasu ayyuka a ɓoye, kamar gina direbobi da sake lissafa fayiloli, waɗanda kan ƙare da kansu. Idan zafin ya zarce haka, gwaji na farko kuma mafi muhimmanci shi ne a koma tsohon kenel. Umarnin uname -r yana nuna wanda ake kai. A Ubuntu ana danna Shift ko Esc lokacin kunnawa don allon GRUB ya fito, a zaɓi tsohon daga jerin. Fedora tana ajiye kenel uku saboda irin wannan rana, Arch kuwa tana maye gurbin tsohon ne, don haka mai amfani da ita sai ya tanadi linux-lts tun da wuri. Wajibi ne gwajin ya zama na adalci: ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya na yini, caja a jone a duka biyun ko a cire a duka biyun, aiki iri ɗaya. Wanda ya gwada sabon kenel da azahar, tsohon kuma bayan sallar isha'i, rana ya auna ba kenel ba. Idan zafin bai sauya ba a tsohon kenel, to sabuntawar ta zo ne a kan gaɓa kawai, sai a koma ga sashe na 4.5.

Idan an tabbatar kenel ne, sai a duba kundin rahoto. Umarnin journalctl -k -b -1 yana kawo saƙonnin kenel na kunnawar da ta gabata, matuƙar an saita kundin ya riƙa ajiya a faifai. Layukan ƙarshe za su nuna ko mutuwar ta mataki na biyu ce ko ta uku. Ana karanta zafin shiyyoyi a /sys/class/thermal, amma a kula cewa lambar da ke ciki sai an raba ta da dubu, wato 67000 digiri 67 ke nan.

Daga nan sai a auna wuta, ba zafi kaɗai ba. Manhajar turbostat tana nuna wat nawa furosesa take sha, da saurinta, da zafinta, da kuma kashi nawa na lokaci take yi a barci mai zurfi. Idan aka ɗauki waɗannan lambobi a kenel biyun na'ura tana zaune ba aiki, amsa ba ta wuce uku. Idan wat ya ƙaru, wani abu ne ke hana barci ko ke tura sauri sama, sai a nemo shi da top, da powertop, da cpupower frequency-info, da kuma dkms status don a ga ko direban katin hoto ya ginu. Idan wat bai sauya ba amma zafi ya ƙaru, matsalar ta fanka ce, sai a dubi abin da sensors ke faɗa game da juyawarta, a kuma kasa kunne. Idan kuwa wat da zafin furosesa duk ba su sauya ba amma na'ura tana mutuwa da saƙo a kundi, to ma'auni ne ko iyakar wata shiyya. Shan wutar babban katin hoto ba ya fitowa a lissafin furosesa, don haka shi ana duba halinsa ne a fayil ɗin runtime_status na katin, wanda ya kamata ya nuna cewa yana barci.

Ga mai haƙuri da sanin gina kenel, akwai hanyar git bisect, wadda take raba canje-canjen gida biyu, a gwada tsakiya, a zubar da rabi, a sake. Ko da canje-canjen sun kai 16,000, gwaji 14 ya isa a kama mai laifin. Wannan ne rahoton da masu kula da kenel suka fi ɗauka da muhimmanci, domin Torvalds ya daɗe a kan ƙa'idar cewa sabon kenel bai kamata ya ɓata abin da yake aiki a tsohon ba.

4.5 Gyara da yanayin ƙasar Hausa

Zama a kan tsohon kenel mafita ce ta wucin gadi, domin gyare-gyaren tsaro za su wuce mutum. Ya fi kyau a koma ga kenel mai dogon zango da har yanzu ake kula da shi. Sabunta BIOS yakan warware matsaloli da dama, tun da tushensu a teburin ACPI yake, sai dai kada a fara shi sai batir ya cika, ganin yadda wuta take ɗaukewa ba sanarwa. Kashe ƙarin saurin da ake kira turbo yana rage zafi ƙwarai nan take, bisa lissafin da aka kawo a sashe na 4.1, kuma ga mai rubutu da karatu da wuya ya ji bambanci. Abin da bai kamata a yi ba shi ne saka thermal.crt=-1 don kawai a hana mutuwa. Wannan saiti yana cire iyakar ƙarshe ta shiyyoyin ACPI, ba ya rage ko digiri ɗaya, kuma idan shiyyar da ke kuka ta kusa da batir ce, an cire mai gadi ne an bar ƙofa a buɗe. Ba shi da wuri sai an tabbatar ma'aunin ne ke ƙarya.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi tsanani a nan. Masu ƙera laftof yawanci sun ƙayyade cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara kan kai 40 ko ya wuce. Fitar zafi kuwa ta dogara ne a kan tazarar da ke tsakanin furosesa da iskar ɗaki. A ɗaki mai digiri 22 tazarar zuwa 100 ita ce 78, a mai digiri 42 kuwa 58 ce, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun ba a kunna na'ura ba. A ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe siraran ƙarafan bakin fanka har ta zama kamar auduga, da cewa akasarin laftof ɗin da ɗalibai ke saye na hannu ne waɗanda mansu ya bushe tun a ƙasar da aka fara amfani da su, da kuma al'adar ɗora na'ura a kan katifa ko darduma inda ramukan shan iska suke toshewa. Ƙarin wat biyu ko uku da mai laftof a Jamus ba zai ko lura da shi ba, a nan shi ne zai ƙarasa na'urar da dama take bakin gaɓa. Saboda haka ko an tabbatar da laifin kenel, ya kamata a buɗe na'ura a share ƙurar, a riƙe fanka da yatsa yayin hura iska don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta, a goge tsohon mai a shafa sabo ɗan kaɗan, sannan a sake ɗaukar lambobin turbostat a kenel biyun, domin su ne za a rubuta a rahoton da za a aika wa masu kula da reshen da ake amfani da shi.